Waƙar Malam Lawan da ban ɗauka a kaset ba

Shekara ashirin ke nan da muka kai Malam Lawan makwancinsa, kuma har yau ban yafe wa kaina ba. Tare muka koyar a wata sakandare a nan Wudil, shi Faransanci, ni lissafi. A Damagaram ya yi karatu, ya dawo da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi masa tsiya a kanta. Sai ya ɗauki rubutacciyar waƙar Faransanci, ya ƙirƙira mata kari, ya raba ɗalibai masu rerawa rukuni huɗu, kowane da muryarsa da hanyarsa. Ba ganga ba kalangu, amma in muryoyin suka haɗu sai tsigar jikinka ta tashi.

Ni da ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba, ya jawo ni ciki, wai muryata irin ta injin niƙa ce, ita yake nema a ƙasa. Bai taɓa rubuta karin ba. Da baki ya koya mana, kowa nasa kason. Abu ɗaya ya roƙe ni: in kawo rikodata a ɗauki sabuwar waƙarsa a kaset.

A lokacin ne sojoji ke shirin komawa bariki, ni kuwa zazzaɓin siyasa ya kama ni. Kullum ina kan babur a ƙauyukan Utai ina nema wa wani ɗan takara ƙuri'a. Na daina zuwa gwajin waƙar. Wata ranar Laraba Malam Lawan ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam Isa, yaran nan fa sun kusa gamawa su watse." Na ce masa da an gama zaɓe zan kawo. An gama wani zaɓen, wani ya taso. Kafin a rantsar da farar hula ciwon hanta ya tafi da shi. Ɗan takarata ya ci, bai sake gane ni ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da 'yan jami'a ke ɗaukar ko atishawa a waya. Na san ba zai yi faɗa ba, bai iya ba. Zai tare su ne ɗaya bayan ɗaya yana gwada muryoyinsu.

Bara na kasa daurewa, na shiga neman ɗalibansa da waya a hannu. Wasu sun rasu, wasu sun ce ba sa tuna komai. A Indabo na sami Rabi, wadda ke jan muryar sama, yanzu har da jikoki. Bayan doguwar gaisuwa na shiga ɗauka a waya, ita kuma ta rufe ido ta fara rerawa. Ba ta manta ko gaɓa ɗaya ba. Na bi ta a ƙasa ina hawaye, har muka ci rabin waƙar. Can sai ta yi shiru tana jira, ta buɗe ido.

"Malam, ai nan naka ne kai kaɗai. Mu duka shiru muke yi."

Ban san wurin ba. Malam Lawan ya koyar da shi ne a ranakun da nake yawon ƙuri'a. Rabi ta ce shi yake rera kasona a madadina duk ranar gwaji, yana cewa a bar wa Malam Isa wurinsa, zai dawo.

Abin da ya rage mana na Malam Lawan ke nan: matar da ta riƙe kasonta shekara ashirin, da rabin waƙa a wayata, wadda take yankewa daidai inda ya bar mini. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.