Hoton Yaya a Ruwa Biyu

Ruwan wankin hoto iri biyu na sani lokacin da nake sana'ar a Dutsin-Ma, zamanin da ko mota sai an yi sa'a ake ganinta. Akwai mai zafi: ka tsoma gilashin hoto a ciki, fari ya fito fat, baƙi ya fito ƙirin, ba tsaka-tsaki. Shi mutane ke so, don riga kan yi haske kamar an sa mata bula. Ni kuwa haushinsa nake ji, cinye fuskar baƙin mutum yake yi. Ɗayan mai sanyi ne, ba ya gaggawa. Hotonsa toka-toka yake fitowa, amma har gumin goshi sai ka gani.

Shekarar da yayana ya yi niyyar tafiya Makka a ƙasa, na saɓi akwatina na ɗaukar hoto na nufi gida Kurfi. Malami ne, ba ya son hoto ko kaɗan, sai da Innarmu ta sa baki.

"Zauna ya ɗauke ka mana. In ka tafi, me zan riƙa kallo?"

Ya zauna gindin tsamiya cikin farar riga da rawani, yana ta tsaki. Na ɗauka sau biyu. Ranar da ayarinsu ya tashi na toshe ƙofar zaure da bargo, na wanke ɗaya a mai zafi, ɗaya a mai sanyi. Kai, na mai sanyin ya yi kyau! Ga tsagar kumatunsa, ga furfurar da ta fara leƙowa a gemu. Shi na fara miƙa wa Inna, ina ta fankama.

Ta kai shi dab da hanci, ta fita rana, ta juya shi.

"Wannan ai hayaƙi ne. Ina yayan naka?"

Ashe yanar ido ta rufe mata gani haka, ta ɓoye mana don kada Yaya ya fasa tafiya. Na ba ta ɗayan, wanda ba komai cikinsa sai rawani da riga, da baƙi a gurbin fuska.

"Yauwa! Ga shi nan."

Yaya bai dawo ba, ba mu kuma ji inda ƙasa ta rufe shi ba. Wallahi har yau kewarsa na damuna. Duk zuwana Kurfi sai ta ɗauko nata hoton ta riƙe, ta ce in ciro nawa in gaya mata abin da ke ciki.

"Dariya yake?"

"Ina fa, Inna. Ya ɗaure fuska, kin san halinsa."

Ran nan ta ce, "To ina yake kallo?"

Na duba da kyau. Ba akwatina yake kallo ba, idonsa na gefe, wajen bakin zaure inda ta tsaya ranar.

Na ce, "Ke yake kallo, Inna."