Askin da aka yi mini a Akokan

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba ji na yi ba, kuma na daɗe ina ɓoye shi don kada a ce na taɓu. A Akokan ne, kusa da Arlit, shekarar da aka rufe ramin ma'adinai. Ni gadi nake yi a wata mangaza ta ajiyar kaya, abokina Hamidu kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake aiki.

Ni da Hamidu ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Tawa. Tare aka yi mana kaciya, tare aka sa mu lakol, tare muka fito daga aji shida, kuma mota ɗaya ta kawo mu arewa a kan buhunan albasa. Mahaifinsa ya bar masa wata aska mai ƙotar ƙaho, to tun muna samari shi ke yi mini aski ni ke yi masa, ranar Juma'a da hantsi. Shekara talatin da ɗoriya babu wanzamin da ya taɓa kaina. In zai fara sai ya danna mini ƙeya da babban yatsa ya ce, "Sunkuya, sarkin zullumi, ba yanka ka zan yi ba." Daga nan sai hirar gida, tabkin da muke kamun kifi da riga, da jakin kawuna da ya taɓa yar da mu cikin ƙaya, yana dariya aska na rawa, ni ina cewa, "Hamidu don Allah kunnena!" Kai, duniya!

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibitin Arlit, ranar Laraba na je duba shi, ya shafa kansa ya ce, "Dubi yadda na koma kamar tunkiya. Jibi ka zo da aska." Na ce to. Amma da na koma gida sai tunani ya taso mini, kun san halina: in na yanke shi fa jini ya ƙi tsayawa, in ruwan sanyi ya ƙara masa tari fa, in masu jinya suka kore ni fa? Sai na ce bari in bari sai Lahadi, in fara tambayar likita. Juma'ar nan ban je ba, kunya ma ta hana ni leƙawa hannu sake. Asabar da la'asar Hamidu ya cika. Ni na yi masa wanka, hannuna cikin gashin nan duk furfura, kuma ba a yi wa mamaci aski. Matarsa ta ce mini ranar Juma'a har azahar yana duban ƙofa.

Abin da ya tsaya mini ke nan: da fushina ya tafi ko ya yafe? Wata huɗu ban yarda kowa ya taɓa kaina ba. Askar kuwa matarsa ta tafi da ita Tawa cikin kayansa.

Wata Juma'a da hantsi, matata Hadiza ta tafi kasuwa, na sa sakata a ƙofa na zauna a benci cikin inuwar katanga. Ba barci nake ba, na rantse, ina jin rediyon maƙwabta. Sai na ji babban yatsa a ƙeyata, an danna. Ban ji murya ba, amma na sunkuya. Na ji sanyin ruwa, na ji aska tana tafiya ƙyar-ƙyar daga goshi zuwa baya. Abin mamaki ban ji tsoro ba a lokacin, daɗi ma na ji, har na kama ba da labarin tabki ni kaɗai hawaye na zuba a gwiwata. Ban waiwaya ba, ban san dalili ba. Sai da aka yi kiran farko a masallaci na ɗago, na shafa kai, tas! Babu kowa, sakata na nan yadda na sa ta, kuma babu ko silin gashi a ƙasa ko a kafaɗata. Nan ne tsoro ya kama ni, na tashi na zare sakatar.

Hadiza na shigowa ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, ka haƙura ke nan? Da ka fara kama da mahaukacin tasha." Na ɗauki hulata na tafi masallaci. Bayan masallaci na je wajen Baba Illa, tsohon wanzamin unguwarmu, na cire hula na ce ya duba mini. Ya juya kaina hagu da dama ya ce, "Wa ya ƙwace mini aiki? Wanga aski ya yi kyau, amma hannun bahago ne, dubi inda askar ta kwanta."

Jama'a, Hamidu bahago ne. Har dukansa aka sha yi a makarantar allo kan haka bai daina ba.

Liman ya ce in yi sadaka in yawaita yi masa addu'a, kada in zurfafa bincike, kuma na yi. Amma har yau ina juya abin: ya zo ne ya nuna mini ya yafe, ko ya zo ya nuna mini ɗan aikin da na kasa yi masa? Wani lokaci in ce wannan, wani lokaci in ce wancan, kuma har gobe in na zauna a benci bayana sai ya jingina da bango. Ku dai, in naku na kwance ya roƙe ku abu, ko ƙanƙane ne, ku tashi ku je a ranar da ya ce. Allah ya jiƙan Hamidu, ya sa da haƙuri ya zo.