Feshin da Aka Yi Don Baƙi

Abin da na fara gani ranar da kabu-kabu ya sauke ni a bakin garinmu shi ne wasu ƴan buhuna ƙanana na algarara, rataye a rassan gawo. Gawo ba ya ganye da damina, saboda haka tun daga hanyar Cake ana hango su suna lilo. An kifa wa kowane gutsuren bido, wato jarkar roba, a sama don kada ruwa ya jiƙa shi. Na ɗauka layu ne. A Mayahi nake kolaji, ina zaune gidan gwaggona, kuma shekarar nan ban zo hutu da wuri ba, sai da hatsi ya fara fidda kai.

Inna ce ta yi mini bayani tana tankaɗe. Ta ce ba layu ba ne, aikin Malama ne. Malama wata budurwa ce da jami'a ta turo istaji, wato aikin gwaji kafin a ɗauke ta malamar gona. A gidanmu aka sauke ta, ɗaki ɗaya da Inna. Siririya ce, tana ɗora hula mai baki a kan kallabi, takalminta na roba ya tsage a dunduniya ta ɗinke shi da zaren buhu.

Kula da namun daji ta karanta, kuma wannan ya zama abin dariyar dandali. Baffa, yayan Babana, wanda shi ne shugaban komitin manoma, ba ya ganinta bai tsokane ta ba.

"Madam, namun daji kika karanta? Ai kin makara. Kurar ƙarshe a ƙasar ga kakana ya gan ta, shi ma bayanta ya gani."

"Akwai saura, Baba," in ji ta. "Ƙanana ne dai, sai mutum ya duƙa."

Murzuna ce ta kawo ta. Tsutsa ce da ke shiga zangarniyar hatsi tana ci tana zagayawa, ta bar hanya kamar an naɗe zare. Shekarar da ta gabata ta yi wa gamanar Inna mugun ci. Gamana ita ce ɗan filin da miji ke yanka wa mace ta noma nata, kuma daga wannan fili sabulunmu yake fitowa, da kayan lakwal ɗina, wato na makaranta. A cikin buhunan nan akwai wasu ƙwari, dangin zanzaro, amma ba su kai ƙwayar hatsi ba. Idan suka fito sai su bi murzuna har cikin zangarniya su saka mata ƙwai, ƴaƴansu su cinye ta. Maza sun ƙi ba da gandu. Sun ce ba za su zuba wa gonarsu ƙwari da hannunsu ba. Mata ne suka ba da nasu filayen.

Abu biyu kawai Malama ta roƙa: kada a yi feshi, kuma kada a sare sabara da kalgon da ke iyakar gonakin, domin nan tsuntsayen da ke cin tsutsa suke sheƙa, nan bushiya take kwana.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ma, in na san amsa, sai in rubuta ta a hannu in bar wata ta faɗa. Amma na riƙa bin Malama gona kullum, kuma ba ta taɓa matsa mini da tambaya ba. Wata rana ta miƙo mini gilashinta mai ƙara girman abu, ta nuna mini zangarniya. Na ga ƙwaron a kan tsutsa, fukafukansa kamar ɓawon albasa, yana lanƙwasa ciki. Na daɗe ina kallo har wuyana ya ƙage. Ta ce akwai mutanen da wannan ne aikinsu har tsufa, su kalli abin da ke cikin gona da daji, su koma su gaya wa masu gonar. Maganar ta zauna mini.

Sai labari ya zo cewa manyanta daga jami'a da mutanen furoje, masu ɗaukar nauyin aikin, za su zo duba gonakin. In sun ga aikin ya yi, baɗi za a kawo buhunan ga dukan matan gari da na ƙauyukan kewaye, ita kuma a ɗauke ta aiki. In bai yi ba, a kai wani wuri. Lokacin Malama ta tafi Isawan, inda take da wasu gonakin, kuma daga can za ta haɗu da baƙin su zo tare.

A garinmu baƙo ba ya iske datti. In an ce wani babba zai zo, tun daga bakin rijiya har ƙofar maigari sai an share, a ɗaure awaki, a kore kaji, a wanke yara. Baffa ya zagaya gonakin mata da sandarsa, ya dawo yana girgiza kai.

"Wannan za mu nuna ma manyan mutane? Daji ya cinye iyaka, tsummokara rataye a itace kamar gidan boka, ƙwari na tashi. Sai su ce mu ƙazamai ne, noma ma ba mu iya ba."

Ya aika aka sayo maganin feshi ran kasuwar Gidan Amumune, aka aro famfon goyo. Da safe maza suka fito gayya, da gatari da adda, suna raha. Inna ta tare su a bakin gamanarta, da zanen aiki a jikinta.

"Yaya, yarinyar nan ta ce kada a yi feshi."

"Mun ji. Ƙwarinta sun gama aikinsu ai, yanzu gyara ne. Ke in baƙi za su zo ɗakinki, ba ki share shi?"

"Ɗakina ba hatsi ba ne."

"To koma ɗakin," in ji shi, aka yi dariya.

Babana ne ya yi jigilar ruwan da aka dama maganin. Bai yi dariya ba, amma bai ajiye bidon ba. Har yau in na tuna, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne farin cikin da suka yi aikin da shi. Gonar da suka ƙi bayarwa tana can ba a taɓa ta ba. Ta matan da suka yarda, ita aka shiga ba sallama, aka yi mata kwalliya. Suka sare sabara, suka tsinke buhunan suka tura cikin rumbun Baffa, suka share har gindin hatsi.

Da suka tafi na shiga. Wari ya cika wurin, irin mai kama maƙogwaro. A kan ganye na ga ƙwarin nan a mace, ɗigo-ɗigo kamar an watsa kanwa baƙa. Wata sheƙa ta faɗo tare da reshen kalgo, ƙwai ɗaya ya fashe, tururuwa har sun same shi. Na buɗe wata zangarniya da farce. Murzuna tana ciki lafiya lau, tana motsi. Maganin bai kai inda take ɓoye ba.

Baƙin ba su zo ranar da aka ce ba. Ruwa ya yanke hanya, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Ruwan ya wanke warin, murzuna kuwa ta samu gona ba mai tsare ta. Inna ta daina zuwa gona da safe. Ta ce ba ta son gani.

Ranar da suka iso, mota fara ce, Malama a kujerar baya. Tana sauka ta dubi gawo, ta dubi kututturan sabara, fuskarta ta sake. Babbansu wani tsoho ne mai furfura da tabarau. Ya shiga gamanar Inna, ya karya zangarniya, ya sake karya wata. Duk hanyar tsutsa ce. Ya juya ga Baffa, da Hausarsa mai kyau.

"Alhaji, an yi feshi a nan?"

"Feshi? Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe. Madam ta hana, mu kuwa ba mu ƙetare maganar gwamnati."

"Buhunan fa?" in ji Malama, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Iska, ɗiyata. Kin san iskar bana." Sai ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Ta yi ƙoƙari, yarinya ce. Ƙwarin ne dai ba su da ƙarfi."

Matan da ke da gonakin suna nan, amma an tsayar da su can baya da ƙwaryar fura. Ba wanda ya tambaye su komai. Na ga Inna ta ciji leɓe. Mace ba ta ƙaryata yayan mijinta gaban baƙi, Malama ma ba za ta ce wa dattijon da ya girmi ubanta ya yi ƙarya ba. Baffa ya san da haka. Da wannan kunyar tasu ya rufe kansa.

Wani daga cikin baƙin, mai babban ciki da salula biyu, ya ja Malama gefe ya yi mata magana da Faransanci, a tsammaninsa ba mai ji. Ni ina tsaye kusa, da moɗa a hannu. Ya ce ba ta bi aikinta ba, ta bar gona ta tafi yawo. Ya ce shi ya sa tun farko bai so a tura mace ƙauye ba. Ya ce za su duba maganarta in sun koma. Ta ce, "To, Mushe," wato Yallaɓai da Faransanci. Shi ke nan abin da ta ce. Wadda ta kwana kan tabarma tare da mu, ta sha ruwan rijiyarmu har cikinta ya ɓaci, ita ce mai yawo.

Aka kai su ƙofar maigari cin abinci. An yanka zabi. Direba ya ce da an yi la'asar za su kama hanya, don kada hadari ya tare su. Babana ya shigo gida yin alwala, Inna ta juya masa baya ta ci gaba da wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ni na ɗauko buta na kai masa.

Ban taɓa fara yi wa Baba magana ba sai dai gaisuwa. Na durƙusa na ajiye butar, ban tashi ba. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya dube ni.

"Mi ne ne?"

Daga waje ina jin dariyar Baffa da ƙarar kwanoni.

"Baba," na ce, "kafin motar nan ta tashi, ka gaya ma tsohon nan an yi feshi. In ba ka iya faɗi gaban Baffa, don Allah ka kai ni wurinsa ka tsaya kusa da ni. Ni zan faɗa mishi da Faransanci."