Motar Burodi da Gyaran Babur

A Dogarawa nake zaune, aikina kuma a Samaru, a wani ɗakin gwajin ƙasar noma. Babur ɗin da nake zuwa aiki da shi ƙungiyar ma'aikatanmu ce ta saya mini, ana cire kuɗin daga albashina kaɗan-kaɗan. Sharaɗinsu kuwa sai an yi masa cikakkiyar inshora.

Wata safiya da damina, wajen Palladan, na kauce wa wani rami da ruwa ya cika, tayar gaba ta zame a laka, na zarce cikin lambatu. Motar da ke bayana ta tsaya, irin ta masu raba burodi. Wani dattijo Bayarabe ya fito ya ɗago ni.

"Sannu Malam. Kada ka taka ƙafar nan tukuna."

Hausa ce tsaf a bakinsa, don a Sabon Gari aka haife shi, a can kuma gidan burodinsa yake. Ya ba masu wani shago ajiyar babur ɗin, ya kai ni asibiti aka ɗinke mini gwiwa, sannan ya karɓi lambar wayata ya tafi rabonsa.

Da na samu sauƙi na ɗingisa zuwa ofishin inshorar da hotunan babur: fitila ta fashe, tanki ya lotsa, kan ya murɗe. Na tafi da zaton komai na wuyansu. Matar da ta saurare ni ta ce, "Malam, za mu biya. Amma akwai kaso na farko da mai babur ke biya da kansa, abin da ya haura shi ne namu. Tayar nan ma ta riga ta ci, ba za mu biya kuɗin sabuwa cikakke ba."

Kason nawa kuwa ya kusa rabin albashina. Ga shi bakaniken da suka tura ni wurinsa a Sabon Gari ba zai taɓa babur ɗin ba sai wakilinsu ya zo ya duba, wakilin kuma yau ne gobe ne. Kullum ina biyan kuɗin mota zuwa Samaru da dawowa.

Ana cikin haka dattijon nan ya kira ya ji jikina, na faɗa masa halin da ake ciki. Ya ce, "Ai kullum da safe ina kai burodi Samaru. Ka riƙa jirana a bakin titi."

"Baba, kar na ɗora maka nauyi."

"Kujerar gaba ba kowa. Sai dai za ka yi haƙuri da tsaye-tsaye."

Tsaye-tsaye kam an yi su. Hanwa, Palladan, kowane mai shayi sai mun tsaya, ina zaune cikin ƙamshin burodi mai zafi, yana ba ni labarin unguwannin nan tun suna gonaki. Da yamma wani abokin aikina ke rage mini hanya. Kuɗin motar da ban kashe ba na riƙa ba maiɗakina ta ajiye, muka haɗa da ɗan abin da ta samu a ɗinki, har kasona ya cika. Kamfanin inshorar ma ya cika alkawari, ya biya bakaniken sauran.

Ranar da na karɓo babur, ya fi wata guda a gareji. A hankali na tuƙa har gidan burodin. Na kai wa Baba zabi biyu da maiɗakina ta ce lallai in kai. Ya zagaya babur ɗin, ya matsa birki, ya ce a ƙara ɗaure na baya. Sannan ya kira matarsa ta zo mu gaisa, ta hana ni tafiya sai da na ci abinci.