Motar Da Ke Kwana Ba Batir

Cikin duk abin da na gani a aikin makanikanci, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Juma'a da aka shirya korar Malam Sabo direba. Ku da kuka shigo aikin nan kuka tarar da na'urar gwaji a hannun kowa, ku buɗe kunne, don labarin naku ne.

Lokacin ina babban makanike a ofishin wani shirin tallafa wa manoma a nan Wudil. Garejinmu yana Sabon Gari, nesa da harabar ofis inda motoci ke kwana. Muna da wata tsohuwar bas 'yar Kwatano mai giya otomatik, ita ke kai malaman gona da buhunan iri Darki da Utai. Malam Sabo ke tuƙa ta, dattijo mutumin Darki, wanda ya kama sitiyari tun wasunmu ba su iya ɗaura zariya ba. A samanmu akwai jami'in sufuri, Oga Tanimu, shi ke sa hannu kafin kowace mota ta fita. Mutum ne mai son doka ƙwarai, musamman wadda shi ya kafa.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, motar zamani tana da ƙwaƙwalwa. In wani abu ya saɓa a inji ko giya, sai ta kunna 'yar wutar nan mai ruwan ɗorawa a gaban direba, ta kuma ajiye lamba a cikinta. Mu sai mu jona na'ura, wadda kowa ke ce wa kwamfuta, a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari mu karanta. Lambar da ta fara da P ta inji ce ko ta giya. In ka ga bakwai bayan sifilin farko, giya ke kuka. In uku ce, wuta ce ba ta kamawa daidai a silinda. Lambar ba ta ce maka ga abin da za ka saya. Unguwar da matsalar take kawai take nuna maka, sauran neman kuma naka ne.

Da damina ta kankama Malam Sabo ya fara kawo ƙara. Ya ce in motar ta ɗauki zafi ta faɗa ramuka, sai ta yi wata fizga ta maƙale a giya ta uku, ba gaba ba baya, wutar nan ta kama. Haka zai lallaɓo ta, bai isowa ofis sai an tashi. Da safe a kawo mini ita, in ga wuta a mace, in jona na'ura, babu lamba ko ɗaya. Kullum nakan gaya wa Oga Tanimu cewa ban ga lamba ba, amma rashin lamba ba shi ne lafiya ba. Allah ya hore wa Oga kunne mai tacewa, rabin farko na maganar kaɗai yake ji. Kafin mako ya zagayo, labarin da ke yawo a ofis shi ne kwamfuta ta ce Sabo maƙaryaci ne. Har dalili aka samo masa, wai ratsewa yake yi gonarsa ta Darki ya yi noma da lokacin hukuma.

Aka ba shi takardar tuhuma, wato ya yi bayani a rubuce me zai hana a hukunta shi. Ya rubuta abin da ya sani, aka ce taurin kai ne. Aka dakatar da shi, aka nemi kwamitin ladabtarwa daga hedikwata a Kano. A tsarinmu, in kwamiti ya taso takanas saboda direba, ba lambar yabo ya kawo masa ba.

Ya zo ya same ni a gareji, muka gaisa, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Da ƙyar ya ce aikin ma da sauƙi, abin da ke cin ransa shi ne maganar ta kai Darki, surukansa sun ji, 'ya'yansa sun ji. Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji haushin yadda aka mayar da na'urata sandar dukansa.

Bayan ya tafi na sa aka kawo motar, na bi na'urar shafi-shafi. Akwai inda take nuna nisan da mota ta yi tun ranar da aka share mata ƙwaƙwalwa. Abin da na gani bai wuce tazarar ofis zuwa gareji ba. Motar da ta gama zagaye ƙauyukan Wudil, wai yau da safe aka haife ta. Na duba agogon gabanta, shi ma yana can wata duniya. Na aika aka tambayi Malam Sabo wa ke taɓa batir. Ya aiko cewa ai batir a sito yake kwana. Ashe an taɓa sace batirin wata mota, sai Oga ya kafa dokar a cire na kowace mota in an tashi aiki, maigadi ya kulle, da safe a mayar. Hedikwata har yaba masa ta yi. Tsohuwar mota irin wannan kuwa, da ka zare mata batir ta manta duk abin da ta ajiye.

Na tafi ofis na yi wa Oga bayani dalla-dalla, na roƙi a bar batir ya kwana a motar ranar da ta sake yin ciwon. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Habu, so kake in karya doka saboda mutum ɗaya? In batirin ya yi ƙafa, kai za ka amsa?" Na ce to ni zan kwana kusa da ita. Ya ce babu tanadin kwanan makanike a harabar ofis. Na ce a bar ni in bi ta ƙauye da na'ura a jone. Ya ce babu kujerar makanike a tsarin fita aiki. Na yi masa godiya bisa wannan zurfin tunani, na koma gareji.

Kwamiti ya zaɓi Juma'a, don a yanke hukunci da wuri a tafi masallaci. Oga kuma, don ya girmama baƙi ya kuma nuna musu lafiyar motar da idonsu, ya ɗauki makulli da kansa ya tafi Kano ɗauko su. Kun dai san hanyar nan ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil. A dawowa, suna dab da gadar Wudil, cikin tirelolin shanu da akori-kura, motar ta faɗa rami, ta yi fizgar nan da aka ce babu ita, ta maƙale a ta uku. Mota kuma in ta tsaya cik a cunkoso, tashi da giya ta uku wahala ce. Oga ya taka totur har ƙasa, inji na ihu, mota na jan ciki. Yaran tirela suka yi ta dukan gefenta suna ce masa in bai iya ba ya ba mai ita. Shugaban kwamiti, cikin babbar riga mai sitati, ya ci warin kashin shanu har ya ƙoshi.

A haka suka rarrafo garejina. Oga na fitowa ya nufi bonet, wai zai cire kan batir motar ta huta. Na sha gabansa na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, yau dai a bar ta ta yi magana." Na jona na'ura a gaban kowa. P0700 ta fito, wato ƙwaƙwalwar giya ce ta sa aka kunna wutar, sai P0715, wadda ke nuni ga layin sansa, wato 'yar na'urar da ke auna gudun juyawa a cikin giyabos. In wannan saƙo ya yanke, mota kan maƙale a giya ɗaya don ta kare kanta. Nan take Oga ya ba da umarnin a sayo sabuwar sansa. Na shiga ƙarƙashi, na tarar sansar lafiyarta ƙalau, wayarta ce ta goge a jikin ƙarfe, tana taɓawa in an faɗa rami. Na haɗa ta, na naɗe, na ɗaure ta nesa da ƙarfen.

A kan bencin garejina kwamiti ya zauna. Aka kira Malam Sabo, ya zo ya tsaya da hannu a baya. Shugaba ya ce an janye tuhuma, ya koma bakin aiki ranar Litinin. Oga ya miƙa masa makulli yana murmushi ya ce, "Malam Sabo, ka gode wa Allah, kwamfuta ta wanke ka."

Malam Sabo ya karɓa ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Na tuƙa ku, na tuƙa matanku da 'ya'yanku, kuna barci a bayana kuna minshari. Ranku kun yarda ku ba ni, maganata ce ba ku yarda da ita ba, sai da akwati ya shaide ni." Shugaba ya duba agogonsa ya ce lokacin salla ya matso. Rahoton da ya biyo baya ya yaba wa sashen sufuri bisa gano matsalar cikin gaggawa, ba wanda ya ce wa dattijon ya yi haƙuri.

Abin da na koya shi ne, lamba shaida ce guda ɗaya, direba ma shaida ne, kuma shi ya riga ta zuwa wurin. In mutum ya ce muku motarsa na ciwo na'ura ta ce babu, ku fara tuhumar na'urar. Malam Sabo ya ci gaba da tuƙi har ya yi ritaya, amma mutumin da a da yakan ji ƙarar barin taya kafin ya lalace ya zo ya gaya mini, bai ƙara kawo ƙarar mota ba. Ko ni na tare shi na ce, Baba, yaya motar, sai ya ce, "Malam Habu, a tambayi kwamfuta."