Doña Herminda, Mai Wanke Takalman Baƙin Tsibiran Ƙanƙara

Ƙarfe biyar da rabi na safe, kafin kuku ya ɗora ruwan shayi, Doña Herminda Oyarzo ta riga ta sauka ɗakin takalma da ke can cikin cikin jirgi. Za ta jera baho uku, ta zuba ruwan magani, ta ɗauko burushi da wata doguwar allura da take sokewa a ƙirjin rigarta. Takalman roba na mutum sittin ke jiranta. Kowanne sai ta kifa shi, ta bi tsagogin ƙasansa da allura. Abin da take nema ba shi da girma: ƙwayar irin ciyawa, ɗan busasshen laka, ƙwan ƙwaro. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan aiki a jirgin da ke ɗaukar baƙi daga garin Punta Arenas zuwa tsibiran kudu, kuma cikin dubban hotunan da baƙin suka ɗauka, da wuya ka ga fuskarta.

Tsuntsayen tsibiran nan a ƙasa suke zuba ƙwai, don ba su taɓa sanin maƙiyi mai ƙafa huɗu ba. Duk abin da ya maƙale wa mutum ya sauka tare da shi, in ya zauna, ya zauna ke nan. Shi ya sa babu mai taka kwale-kwalen da ke kai baƙi tudu sai ya bi ta hannunta.

"Ɗana, juyo min aljihun nan."

"Ai sabuwar riga ce, Doña," in ji baƙon.

"Sabuwa ce ta zo da ɓawon gyaɗa? Juyo."

Baƙi sun fi son tambayarta lokacin zuwa fiye da su tambayi masu digiri da ke yi musu lacca. Ba ta ɗaga kai daga baho take amsawa. "Kai me kake so ka gani? In ƙanƙara fara sol kake so, da fengwin, tsuntsayen nan da ba sa tashi, suna sace wa juna duwatsun gina sheƙa, zo a Nuwamba. In 'ya'yansu kake so, Janairu, amma ka taho da hanci mai haƙuri. Manyan kifayen nan masu feso ruwa ta ka, sai Maris. In kuwa Yuli ka zo, teku ya rufe da ƙanƙara, ni ma ina gida ina soya wainar dankali."

Duk ma'aikatan jirgin suna da labari a kanta, amma wanda kowa ke fara bayarwa shi ne na shekararta ta goma sha tara. Kwana huɗu iska ta hana su sauka ko'ina. Baƙi sun gaji da amai, sun gaji da kallon taga. Ranar ta biyar da hantsi sai iska ta kwanta daidai gaban wani ƙaramin tsibiri da tsuntsaye suka rufe shi tun daga bakin ruwa har kan dutse. Mai duba yanayi ya ce awa shida kawai suke da ita. Aka fara sauke kwale-kwale.

Doña Herminda tana duba jakunkunan ko-ta-kwana, masu tanti da barguna da biskit, waɗanda su ake fara kaiwa tudu. A kan kantar da aka ajiye su ta ga wasu baƙaƙen abubuwa uku kamar ƙwayar shinkafa. Ta murza ɗaya da yatsa. Ɗanye ne.

Ta hau har ɗakin tuƙi, takalminta na ɗigar ruwa, ta tsaya gaban Kyaftin Danilo Marusic.

"Kyaftin, a mayar da kwale-kwalen nan sama. Babu mai sauka."

"Doña Herminda, yau ke ce kyaftin?"

Ta buɗe tafin hannunta. "Ba ni ba ce. Ga wanda ya karɓe maka jirgi."

Ya duba, ya yi tsaki. "Kashin ɓera uku? Mutanen nan daga bangon duniya suka zo. Ki je ki faɗa musu da bakinki."

"Zan faɗa musu. Danilo, na san ka tun kana goge tagogin jirgin nan. Ka san abin da ɓera ɗaya zai yi wa wurin can."

"Awa biyu na ba ki. In ba ki same shi ba zan sauke mutane, ke kuma ki haɗa kayanki idan mun koma gida."

"Kayana ba su da yawa," in ji ta. "Amma in ban same shi ba, sai dai ku bi ta kaina."

Ta faɗa musu kuwa. Wasu suka hau faɗa, wani ya ce zai rubuta takarda a kore ta. Tana tsaye, ba ta janye maganarta ba. Can sai wata tsohuwar baƙuwa mai sanda ta zazzage jakarta a kan teburi ta ce, "To, a fara da tawa." Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi.

Doña Herminda ta sa aka toshe ƙasan ƙofofi da tawul. Ta karɓo garin fulawa wurin kuku ta barbaɗa a ɗakin ajiya, ta kashe fitila, ta rufe ƙofa, ta hana kowa motsi. Bayan minti arba'in ta buɗe. Ga 'yan sawu nan a kan garin, sun miƙe tiryan-tiryan zuwa jakar tanti, wadda da tuni tana kan tsibirin. Ta rungumi jakar ta shiga banɗaki, ta ce a kulle ta a ciki. Waɗanda ke waje suka ji kokawa, suka ji ta ambaci sunan waliyyai biyu, sannan suka ji bokiti ya kifu.

"A kira min Danilo!"

Likitan jirgi ya duba abin da ke ƙarƙashin bokitin. Ɓera ce, mace, da tsohon ciki.

Kyaftin ya cire hularsa, ya ba da umarni a sauke kwale-kwale, ya juyo ya ce, "Doña, sa rigar ruwa. Ke ce ta farko." A nan ne aka gane cewa shekara goma sha tara ba ta taɓa taka ko tsibiri ɗaya ba, kullum tana ƙasa tana shirya ruwan wankin masu dawowa. Ta ce ai ba a wanke takalminta ba. Kyaftin ya durƙusa gaban baho, a gaban baƙi sittin, ya wanke mata su da kansa. Ta sa ya maimaita na hagu.

Awa biyu suka samu a tudu. Masu tuƙa kwale-kwale sun ce zama ta yi a kan dutse, fengwin na wucewa ta gabanta ba ruwansu da ita, tana dariya hawaye na zuba.

A watan Maris ɗin nan ta yi tafiyarta ta ƙarshe, don sanyi ya ci yatsunta, allura ba ta riƙuwa. Doña Herminda, ke ce mai gadin da ba a ba wa bindiga ba. Ke ce kika tsaya ke kaɗai ranar da kowa ke son wucewa. Duk tsuntsun da ya ƙyanƙyashe a tsibirin nan cikin shekara takwas da suka wuce, da hannunki a ciki, ko da bai san sunanki ba. Mu mun sani, kuma mun gode. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ki huta cikin jikokinki.

Ku kuma da aka ba ku ƙaramin aiki a wani lungu da babu mai leƙowa, ku riƙe shi yadda ta riƙe nata. Wata rana abin da zai tsaya tsakanin wani wuri da halaka, ku ne.