Dogo da Tsohuwar Kwamfutarsa

Dogo mai gyaran kwamfuta ba ya jefar da abin da ke da sauran numfashi. Kwamfutar shagonsa ta girmi 'ya'yansa, kuma bai taɓa barin ta ji kunya ba.

Ran nan ƙanensa direban babbar mota ya shigo tare da maigidansa. An ce ƙanen ya gogi motar wani a bakin sito, shi kuwa ya rantse ba shi ba ne. Bidiyon kyamarar siton da suka kawo ne zai raba gardama.

Bidiyon ya fi ƙarfin kwamfutar. Hoto ya tsaya cak daidai lokacin da babbar motar ta fara ja da baya.

"Yaya, ta gaji, ƙyale ta haka," in ji ƙanen, murya ƙasa-ƙasa.

Dogo ya dube shi, ya gane. Duk da haka ya kwance murfinta, ya kafa mata fanka, ya rufe komai sai bidiyon. Hoto ya motsa. Ga gugar, ga fuskar ƙanen a taga.

Maigidan ya karɓe makullin motarsa ya fita.

Dogo ya miƙa wa ƙanen sukudireba. "Mayar da murfin. Gobe ka zo da wuri, akwai aiki."